Ra'ayinmu: Toshe Sabis Ɗan'uwan Toshe Burtali Ne

Tambayar da ta fi yawan tasowa a tarurrukan rassa a 'yan shekarun nan, in aka ɗauke ta rigakafi da ta burtali, ita ce ta kwamfuta. Sakatarori suna so su san ko akwai amfanin a tara kuɗi a sayi na'ura mai ƙwaƙwalwa a garin da ko turken waya babu, balle layin intanet. Fatake kuma, musamman masu lodin shanu zuwa Kudu, suna jin 'ya'yansu na cewa wayar salular da ke aljihu ta isa ta haɗa kwamfuta da duniya baki ɗaya. Yaran ba su yi ƙarya ba. Haka abin yake, kuma muna goyon bayan duk reshen da ke da hali ya yi. Amma kafin a kai ga biyan kuɗi, muna so mu ja hankalin jama'a zuwa ƙasar Sudan, inda masu sana'a irin tamu suka bi wannan hanya har suka ga inda take da rami.

Sudan dai ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe ko Bafillace. Tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa kakanninmu suke yada zango a can, wasu su wuce, wasu su zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kai jama'arsa bakin kogin Shuɗin Nilu, kuma garin da suka kafa har yau da sunansa ake kiransa. Fallata ake ce mana a can, ko kai Bahaushe ne, ko Bafillace, ko Babarbare. Babban birnin ƙasar kuwa gari uku ne da kogi ya raba: Khartum, da Bahri, da Omdurman. A yammacin Omdurman ne kasuwar Muwailih take, wadda kafin yaƙin 2023 ita ce babbar karar ƙasar. Shanun Larabawan Baggara sukan taso daga Niyala da Da'en a Darfur, su ratsa Kordofan da ƙafa, tafiyar makonni, kafin su iso. Tumakin Hamari da na Kabashi kuma ana kai su tashar jiragen ruwa ta Sawakin, a killace su, a loda su zuwa Jidda, musamman in lokacin aikin Hajji ya gabato. Raƙuma su nufi Masar. Ciniki ne na bashi da amana kamar namu, har da wani mutum da suke kira damin, wanda shi ke tsayawa ya lamunce cewa dabbar da aka kawo ba ta sata ba ce, aikin da a wajenmu dillali da mai masauki suke yi.

Wayar salula ta shiga Sudan a 1997 da kamfanin Mobitel, wanda ya koma Zain a 2007, wato shekara huɗu kafin mu ga GSM a Nijeriya a 2001. Daga baya Sudani da MTN suka shigo, kamfanoni suka zama uku. Layin ƙasa kuwa, irin wanda ake binne waya a ja ta har cikin ofis, bai wuce ma'aikatun gwamnati da bankuna da manyan otal-otal da wasu unguwannin masu hali ba. Saboda haka mafi yawan wanda ya taɓa haɗa kwamfuta da intanet a Omdurman, ta hanyar sabis ɗin salula ya haɗa ta, ko dai da wayarsa, ko da ɗan modem ɗin nan mai kama da yatsa da ake sa masa sim. Ga kuma takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar daga 1997 zuwa 2017, wanda ya sa manhajoji da yawa ba su saukuwa a can sai da dabara. Duk da haka jama'a suka iya.

Yadda ake haɗin ba wani abu ne mai wuya ba, kuma ya kamata kowane sakatare ya iya da kansa, kada ya zauna jiran ɗan makaranta ya dawo hutu. Ita wayar ce ke kamo sabis daga eriyar kamfani, sai ta miƙa wa kwamfuta, kamar yadda ake jawo ruwa da guga a zuba a kwami. Ana iya haɗa su da igiyar caji, a soka baki ɗaya a waya ɗaya a kwamfuta, sannan a shiga saitin waya a kunna wurin raba intanet ta igiya. Wannan ita muka fi so, domin ba ta yawan yankewa, wayar tana samun caji tana aiki, kuma babu wani na gefe da zai sha maka data. Ana kuma iya kunna abin da samari ke kira hotsifot, inda wayar za ta watsa sabis a iska, kwamfuta ta kama. Amfaninsa shi ne ana iya rataye wayar a taga ko a reshen bishiya inda sabis ya fi ƙarfi, a zauna da kwamfuta a inuwa. Illarsa kuma yana zafafa waya, yana shanye batir, in kuma ba a sa masa lambar sirri mai wuya ba, rabin kasuwa za su hau. Akwai ta Bluetooth, amma tafiyar hawainiya take yi.

Abin da ya fi cin mutane shi ne rashin sanin cewa kwamfuta ta fi waya haɗama. Da zarar ta ji intanet sai ta shiga sabunta kanta ba da izinin kowa ba, datar wata guda ta ƙare kafin a gama rubuta wasiƙa. Akwai wurin da ake gaya mata cewa wannan layi na awo ne, ta taƙaita. A nemi wanda ya sani ya saita sau ɗaya. Wasiƙa da lissafi da hoton takardar likitan dabbobi ba su cin komai. Bidiyo ne mai ci.

To me falke zai yi da kwamfuta alhali waya na hannunsa? Ciniki na baka da hoton sa da muryar WhatsApp, waya ta wadatar. Amma mai tura tirela biyar a mako, wanda ke bin mahauta bashi a Legas da Fatakwal, kuma makiyaya ke binsa a ruga, lissafinsa ya fi ƙarfin ɗan allon waya. Haka reshen da ke son ajiye sunayen mambobi, da rubuta ƙorafi zuwa ƙaramar hukuma, da buga rasit, da adana taswirar burtali da hotunan inda aka cinye shi da noma. Mai fitar da tumaki daga Omdurman zuwa Saudiyya kuwa, takardun banki da na lafiyar dabbobi da na kwastan sun isa su sa shi neman kwamfuta ko bai so ba. A watan Oktoba na 2019, da zazzaɓin dabbobi na kwarin Rift ya ɓulla, Saudiyya ta dakatar da shigo da dabbobin Sudan. A irin wannan rana, wanda labari ya riske shi kafin ya yi lodi da wanda ya riske shi bayan ya yi, tazarar da ke tsakaninsu ita ce jarin mutum.

Sai kuma maganar kuɗi, wadda ita ce ta ɗaure kowa. A 2018 takardun kuɗi suka yi ƙaranci a Sudan, mutum ya je banki da kuɗinsa a ajiye a ce masa babu. Wannan ya tura jama'a ga biya ta waya, kuma manhajar Bankin Khartum da ake kira Bankak ta zama aljihun mutane da yawa, tun daga mai shago har zuwa mai sayen garke. Sauƙi ne babba, ko shakka babu. Falke ya huta da ɗaukar buhun kuɗi a hanyar da 'yan fashi ke tsarewa. Sai dai daga ranar da kuɗin mutum ya koma cikin waya, makullin rumbunsa ya koma hannun wanda ke riƙe da sabis.

Ranar 3 ga Yuni, 2019, jami'an tsaro suka afka wa masu zaman dirshan a gaban hedkwatar soja a Khartum, aka kashe mutane da yawa. Majalisar sojan da ta karɓi mulki bayan faɗuwar Umar al-Bashir ta sa aka yanke intanet, bai dawo wa jama'a ba sai 9 ga Yuli, sama da mako biyar. Abin lura a nan, kuma shi ne ginshiƙin wannan sharhi, shi ne intanet ɗin salula aka fi rufewa. Wasu ofisoshi da otal-otal masu layin ƙasa sun ci gaba da samu, har mutane suna tururuwa can. Ma'ana, wanda kwamfutarsa ke rataye da wayar hannu, wato ɗan kasuwa da ɗalibi da ƙaramar ƙungiya, shi aka fara jefawa a duhu, shi ne kuma na ƙarshen fita. Wani lauya mai suna Abdul'azim Hasan ya kai kamfanin Zain ƙara, kotu ta ba shi gaskiya a ƙarshen watan Yuni, sai kamfanin ya buɗe masa layinsa shi kaɗai a duk faɗin ƙasar, tunda da sunansa ya shigar da ƙara. Bai haƙura ba, ya sake komawa kotu a madadin jama'a, sannan aka buɗe wa kowa. Muna roƙon lauyoyin da ke aiki da ƙungiyoyin makiyaya su riƙe wannan labari.

Ba a tsaya nan ba. Da Janar Abdul Fattah al-Burhan ya kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya ranar 25 ga Oktoba, 2021, an sake yankewa har zuwa 18 ga Nuwamba, duk da umarnin kotu na a mayar. Abin ma har ya zama jiki, domin a 2020 da 2021 da 2022 hukuma ta riƙa kashe intanet ɗin salula na 'yan sa'o'i kowace safiya a lokacin jarrabawar kammala sakandare, wai don hana satar amsa. Yaro na rubuta jarrabawa a aji, falke a kara ya jira shi ya gama kafin ya ga alat!

Mafi muni shi ne na lokacin yaƙi. Faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti, shi kansa tsohon falken raƙuma ne. Khartum da Omdurman suka zama fagen daga, aka wawashe bankuna, kasuwanni suka watse, hanyar shanu daga Darfur ta yanke. A wannan hali Bankak ce ta riƙe mutane, domin da ita 'yan'uwa da ke Saudiyya da Masar da sauran wurare suke turo abin sayen abinci. Sai ga shi a farkon watan Fabrairu na 2024 kamfanonin nan uku duk sun mutu a cikin 'yan kwanaki, babu kira, babu saƙo, babu intanet. Ɓangarorin biyu sun yi ta jifan juna da laifi, amma manyan na'urorin kamfanonin suna Khartum ne a wuraren da RSF ke riƙe da su a lokacin, kuma yawancin rahotanni ita suka ɗora wa alhaki. Ɗakunan girkin taimako da matasan unguwanni suka kafa, waɗanda ke ciyar da dubban mutane da gudummawar da ake turowa ta waya, da yawa sai da suka sauke tukunya. Sudani ce ta fara dawowa bayan ta kafa na'urori a Port Sudan, Zain ta biyo baya a watan Maris, amma yankuna da yawa na Darfur da Kordofan da Jazira da sassan babban birnin sun yi watanni a rufe.

Waɗanda ke cewa dabarar ita ce a riƙe sim biyu na kamfani daban-daban, sai su duba wannan. Sim biyu na maganin sabis mai rauni, muna kuma ba da shawarar a riƙe, amma ba ya maganin ranar da aka kashe duka.

Abin da ya cike gurbi shi ne kwanon Starlink, na kamfanin attajirin nan na Amurka Elon Musk, wanda ke kamo intanet kai tsaye daga tauraron ɗan'adam ba tare da eriyar kowa ba. An yi ta shigo da shi ta ɓarauniyar hanya daga Chadi da Libiya da Sudan ta Kudu, tunda ba shi da lasisi a ƙasar. Mutane su yi tafiya mai nisa, su biya kuɗin sa'a guda, su tsuguna a gindin kwano su duba ko an turo musu wani abu. A Omdurman ma an ga irin wannan taro. A yankunan RSF kuwa, masu bindiga ne ke da iko da kwanukan ko suke karɓar haraji a kansu, sannan mai canza maka kuɗin waya zuwa takarda ya zaftare kaso mai tsoka. An gudu daga hannun kamfani an faɗa hannun mai bindiga. Sojan ƙasa sun ƙwace Khartum a watan Maris na 2025, a watan Mayu kuma suka ba da sanarwar sun kori RSF daga jihar baki ɗaya, amma jarin da ya narke a waɗannan shekaru biyu babu sanarwar da za ta dawo da shi.

Kada wani ya ce ai wannan Sudan ce. A farkon watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, ta sa aka kashe sabis a duk jihar Zamfara. Ƙananan hukumomi 13 na Katsina suka biyo baya, da sassan Sakkwato da Kaduna. A daidai lokacin aka rufe kasuwannin dabbobi, ciki har da na Jibiya da Charanci da Mai'aduwa, aka hana lodin shanu zuwa wasu jihohi. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran jihar sai ƙarshen Nuwamba. Ba mu musun cewa 'yan bindiga suna amfani da waya, kuma babu wanda ya fi makiyayi na gari sanin zafin ɓarayin shanu. Amma ɓarawon da ke da babur da kuɗin fansa ya san tudun da zai hau ya kamo sabis ɗin jihar maƙwabta ko na Nijar. Wanda aka bari ba baki shi ne mai rugar da aka kora wa shanu da dare ya rasa yadda zai sanar da kowa, da falken da mahauci ya tura wa kuɗi daga Kudu ya rasa yadda zai tabbatar. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni kuma, a farkon 2023, canjin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 ya ɗanɗana mana abin da Sudan ta sha a 2018. Kowa ya tuna yadda kara ta koma: mai saye na cewa ya tura, mai sayarwa na cewa bai ga alat ba, makiyayin da ba shi da asusun banki yana karyar da saniya don ya samu takarda a hannu, masu POS suna yanka yadda suka ga dama.

Matsayinmu ke nan. Yau hanyar da kuɗin saniya ke bi ya dawo ruga ta cikin sabis take, kamar yadda hanyar da ita saniyar ke bi ta kai kasuwa take ta burtali. Mun daɗe muna cewa ba ya halatta a wayi gari a toshe burtali ba shawara, ba sanarwa, ba wata hanya a madadi. Haka muke cewa game da sabis. Muna kira da babbar murya ga gwamnatocin Nijeriya da Nijar, da 'yan majalisun da ke wakiltar yankunanmu, da a yi doka bayyananniya: duk wanda zai yanke sadarwa ya nemi izinin kotu, ya faɗi iyakar yankin da adadin kwanakin, ya kuma bar hanyar kiran gaggawa da ta biyan kuɗi a buɗe. Kamfanonin da ke karɓar kuɗinmu kullum su ma su daina fakewa da cewa umarni aka ba su. Su riƙa bayyana wa jama'a wanda ya ba da umarnin. Sannan a kai eriya manyan kasuwannin dabbobi da wuraren kiwo da aka keɓe, domin akwai karar da ake cinikin miliyoyi a ranar kasuwa amma sai mutum ya hau kan tirela yake samun sanda ɗaya.

Mu ma da namu aikin. Reshen da ya sayi kwamfuta kada ya jefar da babban littafi. Duk abin da aka shigar a na'ura, na bashi ne ko na sunayen mambobi, a buga shi a takarda a ƙarshen wata, a kuma kwafe shi a ɗan filas a ajiye a wani gida daban. Kada a yarda da manhajar lissafin da ba ta buɗewa sai da intanet. A sayi ɗan faifan sola da batir, tunda waya da kwamfuta duk bayin wuta ne. A koyi lambobin banki na tauraro da ake dannawa ba tare da data ba, suna aiki ko a ƙaramar waya matuƙar akwai sabis na kira. Kada a shigar da lambar sirrin banki a kwamfutar wani ko a hotsifot ɗin da ba a san mai shi ba, kada kuma a saki dabba don an nuna hoton rasit a waya, sai kuɗi sun zauna a asusu. Falke ya bar wani kaso na jarinsa a inda hannu zai kai gare shi ba sai da sabis ba. Dillalai da masu masauki da sarakunan kara kuwa, kada a yi gaggawar cewa zamaninsu ya wuce. Ranar da allon waya ya yi baƙi, wanda zai ce "na san shi, a ba shi, ina tsaye" shi ne zai sa a yi ciniki.

Game da kwanon tauraron ɗan'adam, ya samu lasisi a Nijeriya kuma ya fara aiki a farkon 2023, saboda haka ba laifi ba ne ƙungiyar 'yan kasuwar kara ta haɗa kuɗi ta saya. Sai dai a rubuta shi da sunan ƙungiya, a sanar da hukuma da jami'an tsaro wurin da aka kafa shi, kada ya zama na mutum ɗaya da zai riƙa tatsar jama'a, kada kuma a ba masu neman dalili abin da za su ce makiyaya sun kafa wa 'yan bindiga na'ura.

Muna roƙon sakataren kowane reshe ya aiko mana da sunayen kasuwanni da rugagen yankinsa da ba su da sabis, da kamfanin da ya fi kamawa a inda akwai, da ranakun da aka taɓa yanke musu in an riƙe. Da wannan za mu rubuta takardar da za mu kai wa hukumar sadarwa da kwamitocin majalisa. Wanda ya haɗa kwamfutarsa ya turo ta intanet, wanda bai haɗa ba ya ba direban tirela ya kawo.